Injin Gahawar Alhaji

Rijiyar Lemo, Fagge, Kano.
Talata, 4 ga watan Rajab.

Zuwa ga aminiyata Huseina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da 'ya'ya da jikoki da mutanen Maiduguri baki ɗaya. Yaya ƙafar? Yaya kunnen? Ni ce Zinariya nake faɗa, Ruwaida matar autana Bahauddeen take rubutawa. In kin ga magana ta karkace, bakina ne, ba hannunta ba. Na gaji da yi miki ihu a waya kina ce mini na'am, shi ya sa na ce a sa a takarda a ba direban da yake kai muku atamfa daga Kantin Kwari.

Huseina, hannuna ya ƙi. Tun bayan Mauludi gaɓoɓin yatsuna suka kumbura, ko carbi da ƙyar nake ja. Taɓarya kuwa ba a magana. Ran nan na ɗaga butar gahawa daga kan gawayi ta suɓuce mini, Allah ya taimake ni a ƙasa ta zube ba a cinyata ba.

Kin dai san Alhaji da gahawa. Kin tuna sanda aka kawo ni Fagge daga Dikwa, ni amarya ke 'yar rakiya, kika ƙi komawa sai da kika samu naki mijin? Kwana uku da tarewa uwarsa, Allah ya jiƙanta, ta zaunar da mu gaban kasko. A soya 'ya'yan har su yi baƙi suna ƙyalli, a daka da citta da kanumfari, a dafa, a zuba a finjali. Ke kika ƙona na farko, aka ce ni ce, kika yi tsit. Ban manta ba. To daga ranar zuwa bana shekara hamsin da biyu, in dai ba haihuwa na yi ba ko azumi ake, Alhaji bai taɓa karyawa ba sai ya sha gahawar hannuna.

Yanzu shekara uku ke nan da idonsa ya tafi. Kasuwa ta bar shi, fita ta bar shi, abin da ya rage masa da safe wannan finjalin ne. Da hannuna ya ƙi sai na tsaya a kan Ruwaida ta yi, komai yadda nake yi, wallahi yarinyar nan ba ta rage komai ba. Ta kai masa. Ya shinshina, ya ajiye, ya ce alhamdu lillahi ya ƙoshi. Yau kwana goma sha tara. In bai sha ba, ba ya karyawa, maganinsa kuwa likita ya ce sai da abinci a ciki. Sai azahar yake ɗan taɓa loma biyu. Rigarsa ta fara yi masa yawa, wuyansa duk ya fito.

Ban faɗa masa zancen hannuna ba. In ce me? Mutum yana fama da duhu in ƙara masa da nawa? Kuma ke kin san yadda aka tashe mu, haihuwa bakwai na yi a gidan nan bai taɓa jin nishina ba. Shi ma bai tambaya ba.

Jiya Bahauddeen ya zo da wata magana, wai akwai inji a Sabon Gari da yake yin gahawa shi kaɗai, daga niƙa har zubawa. Na yi dariya har ya ji haushi. Amma da na leƙa na ga uban nasu zaune ya haɗa kai da gwiwa, sai na ce to, a je, amma da ni za a je. Ban yarda yaron da yake shan shayin leda ya zaɓo wa ubansa gahawa ba.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaishe mini da kowa da kowa.

Taki har kullum,
Zinariya.

Rijiyar Lemo, Fagge, Kano.
Asabar, 8 ga watan Rajab.

Aminiyata Huseina,

Sallama da gaisuwa irin ta zumunci. Ina fata takardata ta farko ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Mu ma da sauƙi, sai dai Alhaji yana nan yadda na faɗa miki.

Ranar Alhamis mun je. Na ƙulle 'ya'yan gahawata soyayyu a bakin mayafi, na sa finjalin Alhaji a jaka, muka hau adaidaita ni da Bahauddeen. Shagon yana bayan kasuwar Sabon Gari. Mai shagon mace ce, Munachi sunanta, za ta kai arba'in. A nan Sabon Gari aka haife ta, ta ce ubanta rediyo yake sayarwa a shagon tun kafin ta yi wayo. Hausa a bakinta, Huseina, ni da na shekara hamsin a Kano sai na ji kunyar tawa. Ta jawo mini kujera, ta ce Mama zauna ki huta, inji ba ya gudu.

Bahauddeen tun daga ƙofa idonsa ya faɗa kan wani ƙato mai ƙyalli. Ita kuwa ba ta ko kalli wajen ba. Tambaya ta fara yi mini kamar likita. Wa zai sha? Kofi nawa a rana? Yana sa madara? Ruwan me muke sha, rijiya ko famfo? Wuta fa, muna da sola? Duk na ba ta amsa.

Ashe iri uku ne. Na farko wasu 'yan ƙoƙuna ake saka masa a rufe, gahawar kamfani a ciki. Na ce a'a, Alhaji ba ya shan abin da bai san wanda ya soya ba. Na biyu sai ka kawo garinka ka danna a wani ludayi, ka murɗa shi da ƙarfi. Ta ɗauko za ta gwada mini, sai ta kalli yatsuna, ta mayar da shi wurinsa. Tun daga nan matar ta shiga raina.

Na ukun shi ne maganar. Ka zuba 'ya'ya ta sama, ka zuba ruwa ta gefe, ka danna. Sai ka ji ya yi gurnani, yana niƙa da haƙoransa na ciki, ya ɗan yi shiru kamar mai tunani, sai ga gahawa tana zubowa siririya, da kumfa ja-ja a kai. Kafin ki karanta Ƙulhuwallahu ƙafa bakwai ya gama. Tukar kuma ya dunƙule ta ya jefa a wata 'yar aljihu, har bakinsa yake kurkurewa da kansa. Na ce tsarki ya tabbata ga wanda ya ba ɗan Adam basira. Aikin da nake tashi tun assalatu ina yi.

Shi ma kala biyu ne. Wanda Bahauddeen yake so gilashi ne a gabansa irin na waya, ana shafawa, duk rubutu, yana kumfar madara da abubuwa wajen goma. Ɗayan baƙi ne, ba kwalliya, maɓalli uku ne a jikinsa masu tudu. Na shafa na ji su a ƙarƙashin yatsana, na ce wannan. Ni ba karatu na yi ba, na hagu dai na san na hagu ne. Bahauddeen ya fara cewa ai Inna wancan ya fi. Munachi ta ce masa tsohon da ba ya shan madara me zai yi da kumfar madara, ya bar Mama ta zaɓa. Kin taɓa ganin mai shago ta hana a sayi mai tsada?

Daga nan ne aka taɓa ni. Na kwance 'ya'yana na ce a gwada da su. Ta ɗebi kaɗan ta murza a farar takarda, takardar ta yi maiƙo. Ta ce waɗannan sun soyu da yawa, mai ya fito musu, in ana zubawa za su danƙare haƙoran injin. Citta da kanumfari kuwa ko kusa, sai dai a barbaɗa garinsu a finjali. Raina ya ɓaci, na ce yarinya, tun ba a haife ki ba nake suyar gahawa. Ba ta yi musu ba. Ta shiga ciki ta ɗauko wani da aka kawo gyara ta buɗe mini, na ga cikinsa ya dame kamar ƙullin kwalta. Na mayar da 'ya'yana bakin mayafi na ƙulle. Ta ba ni nata 'ya'yan gahawar cikin tafin hannu, launin busasshen dabino, ta ce in tsaya a nan in ina suya.

Sai ta karɓi finjalin Alhaji, ta yi ta murɗa wani abu tana gwadawa, har injin ya koyi cika shi daidai, ba ragi ba zuba. Ta ce kada mu sa masa ruwan rijiya, zai yi masa farin dutse a ciki. Na ɗanɗana. Huseina, ba zan yi miki ƙarya ba, ta yi. Na sa wa matar nan albarka har sai da Bahauddeen ya ja ni.

Mun sayo baƙin, yana nan a kwali a ɗakin Ruwaida. Saura mai gayya. A gaida yara.

Taki,
Zinariya.

Rijiyar Lemo, Fagge, Kano.
Juma'a, 14 ga watan Rajab.

Huseina 'yar'uwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki da Juma'a, ina fata kin tashi lafiya. Zauna da kyau, labari ne da ni.

Suya ina iyawa, in na riƙe dogon cokali da tafi biyu. Amma sau uku ina yi sau uku tana zarcewa baƙi. Hannu ya saba, ido kuma hayaƙi ya hana shi gani. Dole ranar Litinin muka yi da na Munachi.

Bahauddeen ya ce kada a faɗa wa Baba, in ya ji inji ne ba zai sha ba. A kunna a ɗakin Ruwaida a rufe ƙofa, ita kuma ta zauna a tsakar gida tana buga ɗan turmina don ya ji kamar ni ce. Na yarda, Allah ya yafe mini. Ba wanda ya tuna ya zuba ko tsaba a turmin. Na ɗora finjali a faranti, na tallafe da damatsa na shiga. Ko sallamata bai gama amsawa ba ya ce, “Hajiya, wa yake dukan turmi ba komai a ciki?”

Ƙasa ba ta tsage ba, sai na zauna. Na faɗa masa duka, hannun, butar da ta suɓuce, Sabon Gari, injin. Ya ce in miƙo hannun. Ya bi yatsuna ɗaya bayan ɗaya yana taɓa kumburin. Sai ya ce shi ya ɗauka na gaji da hidimar makaho ne na miƙa shi ga yara, ya ga bai kamata ya tambaya ba, gara ya rage wa mutane wahala. Kin ji fa. Ni ina kunyar in faɗa, shi yana kunyar ya tambaya, mutum yana ramewa a tsakani. Ya yi mini faɗa sosai, irin wanda rabona da shi tun muna da ƙuruciya. Ni kuwa daɗi faɗan ya yi mini.

Gahawar ta huce, aka zubar. Ya ce a kawo abin ya gani. Bahauddeen ya kinkimo ya ajiye masa a kan teburi. Ya shafa shi sama da ƙasa kamar yadda yake shafa shadda a Kwari in zai saya, ya tsaya a kan maɓallan nan uku. Ya tambaya wa ya zaɓa, aka ce ni. Ya ce ya sani.

Na faɗa masa suyar ta gagare ni. Ya ce a kawo kurfotin gawayi bakin ƙofarsa. Ina juyawa yana saurare. Ashe 'ya'yan gahawa sau biyu suke fashewa, na farko da ƙarfi kamar gugguru, na biyu ƙasa-ƙasa, a na biyun ne suke baƙi. Ni mai suyar ban taɓa lura ba, shi da yake ji daga ɗaki ya haddace. Na farko yana lafawa ya ce sauke. Na baza a faifai, Ruwaida ta kawo ragowar na Munachi muka gwada, launi ɗaya sak.

Da suka huce aka zuba. Ya ce ba wanda zai danna masa. Ya laluba na hagu ya yi bismilla. Injin ya yi gurnaninsa, Alhaji ya ce oho, wannan ai ya fi Hajiya mita. Na barbaɗa masa citta, ya kurɓa, muka zuba masa ido mu uku. Ya shanye. Ya ce cittar ta yi kaɗan. Sannan ya juya wajen Ruwaida ya ce, “Me aka yi na karin kumallo ne a gidan nan?”

Sinasir biyu da rabi ya ci, ya sha maganinsa. Ruwaida ta fita da gudu wai hayaƙi ya shiga idonta. Yau kwana biyar bai tsallake ko ɗaya ba.

Bayan ya ci ya sa aka ɗauraye finjalin, ya sake dannawa, ya miƙo saitin da yake jin numfashina ya ce in karɓa. Ke kin san mu mata sai an sake ɗora tukar a wuta muke shan na biyu, ruwa-ruwa. To inji ba shi da na biyu. Na sha ta farko, suyar hannuna, da zafinta. Ashe abin da nake ba mutumin nan ke nan shekara da shekaru. Ai dole ya yi rigima.

Yana gaishe ki, Ruwaida ma tana gaishe ki, ta ce hannunta ya gaji. Allah ya bar zumunci, ya sa mu gana da alheri.

Ni ce taki,
Zinariya.