Sunan da Bakina Ba Ya Kamawa

Dutse, daren Laraba, watan Sha'aban

Yau Ummi ta dawo daga makaranta baki har kunne. Wai Anti, malamarsu, ta ce sunanta na yanka, Hauwa'u, sunan matar Annabi Adamu ne, uwar mutane duka. Masu wannan suna kuma ana ce musu Maijidda don an ce kabarinta yana Jidda.

"Mama, da kin ji yadda Anti take jan sunan! Ke ba ki taɓa kira na da shi ba."

Na ce ta wuce ta cire kayan makaranta. Tuwon ma kasa ci na yi.

Ta yaya zan kira? 'Yar fari ce, ga shi sunan surukata aka sa mata. A garinmu Jahun haka muka taso. Shekara tara ina haɗiye shi, sai wadda ba ta taɓa goya ta ba ce za ta kwashe daɗinsa. Tsorona kar yarinyar nan ta ɗauka Anti ta fi ni son ta.

Bakina ba zai iya ba, amma makarantar manya ta koya wa hannuna. Na rubuta shi a bangon littafinta, na mayar cikin jaka. Gobe nawa za ta fara gani kafin Anti ta kira rajista.