Tururuwa Cikin Nono

Daga Halliru Wanzami, Illela, zuwa ga ɗana Attahiru, mai aikin asibiti, Sakkwato.

Bayan gaisuwa. Malam Almu ka rubutu, ni ka faɗi. Matarka ta sauka lahiya, ɗiya mace. Na hana a ba ta nono. Ka tuna ɗanka na bara waccan: kwana ukku yana amai kore shar, ciki kamar ƙwarya, har Allah ya karɓi abinai. Gaban mata na sa tururuwa cikin nonon uwar, ta mace. Mugun nono ne. Haka ubana ya gwada, haka kakana. Madarar akuya muke ba jinjirar. Wassalam.

*

Zuwa ga Baba, bayan gaisuwa da ladabi.

Ban taɓa musa maka ba, ka gafarce ni. Watan jiya an kawo jinjiri da irin wannan amai, bai yi kashi ba. Ina tsaye likita Bature ya buɗe cikinsa: hanji ya murɗe kamar igiyar guga. An makara. Ya ce tun yaro yana ciki abin kan fara, kuma da an kawo shi ranar da aka ga koren amai, wataƙila da an warware. Ba ruwan nono. Baba, shekara biyu mata na janye 'ya'yansu in iyalina ta shigo. A mayar mata da jinjirarta. Na bar ka lafiya.

Ɗanka.

*

Attahiru, gaisuwa.

Na ce Malam ya ƙona takardarka, ya ƙi. Nasara zai koya min ciki? Don in ƙaryata ka na sa aka tatso nonon ƙanwarka Hindatu, mai ɗiya biyar ƙosassu. Na sa tururuwa. Ta mace. Na sa wata cikin ruwan randa. Ta mace. Malam ya ce, "Halliru, da can tururuwa ta iya ruwa?"

Mata goma sha ɗaya na yi ma wanga gwaji, daga Amarawa har Tozai. Ban mance sunan ko guda ba. Wassalam.

*

Attahiru,

Jinjira tana shan nono. Ban iya duban surukata ba. Daga bayan zana na ce, "Lubabatu, ki yahe min." Ta ce, "Baba, ɗaga murya, mata ba su ji ba."

Na ɗaga.

Gobe zan ɗaura ma jaki akumari. Saura mata goma.

Ubanka.