Karatu a Waya Ya Sa Ana Ce Mini Infoma

Gwaggo Amariya, don girman Allah ki duba saƙona kafin na kowa, abin nan ya zo mini iya wuya.

Ni saurayi ne daga Zugu, ƙasar Bukkuyum. Na gama sakandare, babu halin ci gaba, gonarmu ta nesa kuma mun bar wa mutanen daji. Wani abokina Zayyanu da ke karatu a Sakkwato ne ya nuna mini yadda ake rubuta wa kwamfuta umarni, ya ce ko da waya ana koyo. Wallahi Gwaggo, tun ranar da na rubuta layi biyu waya ta gaishe ni da sunana, ban sake son wani abu a duniya kamar wannan ba.

To cikin garinmu sabis ba ya kamawa, sai ka yi ta ɗaga waya kamar mai shiƙar dawa. Inda yake kamawa sosai gindin wata kuka ne a kan tudu bayan gonaki, kuma kusa da nan ne hanyar 'yan bindiga. Can nake zuwa neman darasi. Neman kuwa ba ya ƙarewa! In buɗe wannan bidiyo a ce fara da yaren kwamfuta na Python, in buɗe wancan a ce a'a, JavaScript ake yayi. Wani shafi ya ja ni har in fara jin daɗi, sai ya ce sauran sai da katin banki irin wanda ban taɓa riƙewa ba. Wani kuma ina saukowa daga tudu ya daina aiki. Data ta ƙare, caji ya ƙare, in dawo gida da guntaye a kai.

Kwanan baya aka shigo aka kore shanun unguwarmu. Kafin azahar magana ta zaga gari: wa ke zuwa gindin kuka kullum da waya? 'Yan sa-kai suka zo har gida. Da suka buɗe wayar suka ga baƙin allo da rubutu ja da kore, ga lambobi ga alamomi, babbansu Namadi ya ce ai wannan shi ne saƙon asiri da nake tura wa ɓarayi. Na yi rantsuwa har muryata ta dishe. Ga shi Innata Bafulatana ce, ina jin Fillanci, kin kuwa san yadda zukata suke yanzu. Ba don Liman ya tsaya mini ba, shi da ya raɗa mini suna, da ban san inda nake yau ba.

An sake ni, amma in na doso majalisa sai hira ta mutu. Inna ta tura wayar cikin rumbu ƙarƙashin gero, ta ce in na sake taka tudun nan ba ta yafe mini nonon da na sha ba. Tana kuka, ina kuka. Wannan ma da wayar aro na rubuto miki daga kasuwar Gummi.

Gwaggo, mi za ni yi? In na bari, ban ga wata ƙofa gabana ba. In na ci gaba, tsoro nake ji a wayi gari a tsinci gawata a bayan gari. Ina zan sami darasi guda, mai kai da gindi, da zan koya ba sai na je inda za a kashe ni ba?

Naki, Ɗan Inna

Amsa

Ɗana, kukar nan ka yi mata sallama. Da wannan na fara, don sai da rai ake karatu.

Ba ka yi laifi ba, neman ilimi ka fita. Amma su ma mutanen garinku ka yi musu uzuri. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. An kashe musu mutane, an kore musu dukiya, sun kuma ga yaro yana zama shi kaɗai kusa da hanyar ɓarayi yana rubutun da ba su gane ba. Zarginka zalunci ne, tsoronsu kuwa gaskiya ne.

Batun darasi, yawan nema ne ya wahalar da kai. Ka kama Python ka toshe kunne. Shafin Python na asali yana da cikakken bayani kyauta da ake saukewa a ajiye, akwai kuma manhajojin waya da ke gudanar da Python ko babu sabis. Ka sa Zayyanu ya zaɓo maka bidiyon malami ɗaya daga farko har ƙarshe. Sannan ka je wurin masu tura fina-finai a Gummi, su zuba maka duka a memori kamar yadda suke zuba wa kowa waƙa. Tafiya ɗaya za ta ishe ka watanni. Tambayoyinka ka riƙa tara su har ranar kasuwar Gummi, inda sabis ke kamawa.

Sai gyaran suna. Ka roƙi Liman ya zaunar da kai da Namadi a ƙofar gidansa da rana. Ka rubuta musu ƙaramin abu a gabansu, misali a faɗi damin geron da mutum ya noma, waya ta fitar da zakkarsa. Su faɗa da bakinsu, su gani da idonsu. Daga nan karatunka ya koma zaure, inda mai wucewa zai leƙa.

Inna kuwa kada ka sa hannu a rumbunta. Ka durƙusa ka yi mata alkawarin tudu, ka bari ta ɗauko da hannunta. Ba iliminka take ƙi ba. Ta san in waya ta salwanta akwai wata a kasuwar Gummi, kai ne ba ta san inda za ta samo wani ba.

Allah ya wanke ka a idon jama'a, ya buɗa maka karatu, ya kawo wa Zugu zaman lafiya.

Gwaggonka, Amariya