Tafkin da Ba Ya Kan Taswira

Litinin, 3 ga Maris

Yau wata huɗu da rasuwar Baba. Na yi wanke-wanke, na yi shara. Littafin soyayyar da na fara kafin a kwantar da shi asibiti yana nan a shafi na 62. Ko buɗe shi ban yi ba.

Laraba, 5 ga Maris

Wata mata ta zo daga ofishin tsara gari da takardu a hannu. Wai za a mayar da tsofaffin gonakin bayan unguwa wurin gidaje da shaguna, har da wadda Baba yake nomawa kafin ciwo ya hana shi. Ta ce kafin a sa hannu sai sun ji ko akwai abin da zai lalace: ruwa, itatuwa, ko wani wuri da mutane suke ji da shi. Mama ba ta ɗago daga keken ɗinki ba, ta ce in amsa, tunda ni ce mai zaman gonar.

Matar ta dube ni. Ni kuma na dubi takalminta. Na ce babu. Ta rubuta babu, ta tafi.

Asabar, 8 ga Maris

An liƙa taswirar sabon tsarin a bangon makaranta. Kwarin ƙarshen gonarmu an rubuta masa "busasshen fili". To ai da rani suka zo awo. Da damina wurin tafki ne, ruwan unguwa duk can yake kwana. Baba bai taɓa noma shi ba. Itatuwa bakwai ya dasa a gefe, yakan ce a bar wa ruwa ɗakinsa, in ba haka ba namu zai shigo.

Na karanta, ban ji komai ba. Na sayo gishirin da aka aike ni.

Lahadi, 9 ga Maris

Yaya ta ce da saurayin cikin littafi ne ya tambaye ni ba matar ofis ba, da har yanzu ina zuba. Na tashi na ɗauki tsintsiya.

Talata, 11 ga Maris

Mama ta sa na kwaso littattafan ƙarƙashin gado saboda kyankyasai. Ashe na manta: in ina karatu a gona, nakan rubuta kwanan wata a gefen shafi da abin da nake gani. "Ruwa ya kai itace na uku." "Fararen tsuntsaye goma sha ɗaya." "Kwaɗi sun hana ni jin abin da ya ce mata." Damina uku cur. A wani shafin: "Baba ya ce in matsa, ruwa ya taɓa takalmina."

Ran Juma'a za su rufe karɓar bayani.

Alhamis, 13 ga Maris

Na je ofishin da littattafai biyar a leda. Sau biyu ina kaiwa ƙofa ina juyowa. Da na shiga, na ajiye su a teburin matar nan. Ta buɗe daidai inda na ja layi ƙarƙashin maganar da saurayin littafin ya yi wa budurwarsa a tashar mota. Kamar ƙasa ta tsage in shige. Ba ta yi dariya ba, gefen shafin take karantawa. Ta daɗe.

"Ƙanwata, me ya sa ran nan kika ce babu?"

"Ban san ana rubuta irin wannan ba, Anti."

Ta zaro takardata, ta soke babu ɗin. Ta ce ba ta yi mini alkawarin komai ba, amma ba za a sa hannu ba sai sun dawo sun ga wurin da damina. Ta ɗauki hoton shafukan. Ta tambayi wa ya dasa itatuwan. Na faɗi sunansa da bakina. Tun rasuwarsa ban faɗa ba.

Juma'a, 14 ga Maris

Na je kwarin. Ƙasa duk ta tsattsage. Na zauna gindin itace na uku, na buɗe littafin da na bari, na kai shafi na 70. A gefe na sa kwanan wata, na rubuta "yau babu ruwa". Tawadar ta ɗan baje a wurin. Ina jin gumi ne.