Rabon Ummu Salma

Ƙanƙara.

Zuwa ga maigidana, Baban Kabir,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka a Sabuwa. Yaya girbi, yaya ƙafar nan taka? Kabir yana gaishe ka. Tunda aka katse layin waya sai ka haƙura da rubutuna, ko da yake ka sha cewa kamar kaza ce ta bi ta kan takarda.

Ina da labari marar daɗi. Allah ya yi wa Zainabu ta maƙwabta rasuwa bayan ta haihu, jini ne ya ɓalle mata. Ka san ba ni da ƙawar da ta kai ta. Ta bar 'ya mace, an sa mata Ummu Salma, tana hannun kakarta Hajiya Mero, ana ba ta madarar gwangwani a bulumboti. Kasuwa a rufe take, madarar ta yi wuya, Hajiya kuwa sai ƙara ruwa take yi don gwangwanin ya jima.

Ni kuma tun da muka binne jaririnmu Salahuddeen nonona ya ƙi ƙafewa. Kullum sai na tatse na zubar a gindin katanga, ina jiyo kukan yarinyar nan ta bayan katangar. Wallahi abin yana cin raina.

Izininka nake nema in shayar da ita. Ka sani, in ta sha ta zama 'yarka, ƙanwar Kabir, babu aure tsakaninsu har abada. Kai shaida ne yadda Zainabu take kiran Kabir surukina tun yana rarrafe, tana cewa in ta haifi mace tasa ce. Ni kaina abin yana min nauyi. Ka ba direban da ya kawo maka wannan takarda amsa.

Matarka,
Amatullah.

Ƙanƙara.

Baban Kabir,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, har yau shiru. Direban ya ce hanyar Faskari ba ta biyuwa kullum, don haka ban ɗora maka laifi ba, amma raina a ɓace yake.

Ummu Salma zawo take yi ba ƙaƙƙautawa, maɗigarta ta faɗa. Mun kai ta wurin Alheri, ma'aikaciyar jinyar nan da ta karɓi haihuwar Kabir. Ta shinshina bakin bulumbotin ta kawar da kai, ta ce da ruwan rijiya da madarar da aka tsinka ba abin da za su bar wa jariri sai ciwo. Ta ba da ruwan gishiri da sukari, ta ce a nemo mai shayarwa tun wuri, tana faɗa tana kallon gaban rigata da ya jiƙe.

Na roƙi Hajiya har da durƙusawa. Ta ce maganar haɗa yaran nan ita ce ta ƙarshe a bakin 'yarta, ba za ta zama mai warware ta ba. Sannan ta ƙara da abin da ban zata ba, wai wa ya san abin da ke cikin nonon da ɗa ya mutu yana sha. Zazzaɓi ne ya ɗauke Salahuddeen, kowa ya sani. Saboda girmanta sai da na dawo gida na yi kukana.

Abin da ya fi min ciwo, duk sa'ad da na ɗauke ta sai ta juyo da kai tana lalubar ƙirjina da baki, ni kuma in kawar da ita kamar maƙiyiyarta. Ba na iya cin abinci. Don Allah ka amsa min.

Taka,
Amatullah.

Ƙanƙara.

Baban Kabir,

Ina gaishe ka, ina fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Takardarka ta iso jiya, wadda ka ce in shayar da ita maza, rai ya fi alkawari. Allah ya saka maka da alheri. Na karanta ta har ta yi laushi a hannuna.

Ban jira ta ba, ka yafe min. Ranar Laraba da hantsi Hajiya ta shigo da kanta ko mayafi babu, ta ɗora min yarinyar a cinya, ta juya baya tana kuka. Nan take na sa ta a nono. Ummu Salma ta kama, ta ja kaɗan, na ji ta haɗiya. Ta buɗe ido ta kalle ni, idon Zainabu sak. Daga nan ƙarfin ja ya ƙare mata. Na yi ta ɗiga mata a baki yana gangarowa ta gefe. Muka ɗauke ta za mu asibiti, ba mu kai bakin titi ba ta cika a hannuna.

Ban riƙe Hajiya a zuciya ba, ita ma amanar 'yarta take ganin tana riƙewa. Amma da na san haka za a yi, da tun ranar farko na tsallaka katangar nan, kowa ya faɗi abin da zai faɗa.

Na aika an tambayi Malam Yahuza liman, ya ce tunda nonon ya kai cikinta, ko sau ɗaya ne, ta zama tamu. Shi ya sa na roƙa aka binne ta kusa da Salahuddeen. Kabir ya tambaye ni ina amaryarsa, na ce masa ƙanwarsa ce, ta bi ɗan'uwanta.

Saboda haka wannan takarda ta ta'aziyya ce, Baban Kabir. 'Yarka ta rasu ba ka gan ta ba. Allah ya ba ka haƙuri, ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka,
Amatullah, uwar Ummu Salma.