Itacen da Keziah ta kawo makaranta

Newport, Disamba 1778

Yaya Mehitabel,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Inna? Ina fatan mijinki Jabez da yara suna lafiya, kuma girbi ya yi albarka.

Ni lafiyata ƙalau, kada Inna ta damu. Makaranta ma tana nan, yarana sun iya karatu abin sha'awa. Sanyi ne kawai ya ɗan matsa mana. Sojojin Sarkin Ingila sun sare itatuwan tsibirin nan kaf, yanzu katakon gidaje suke ɓallewa. Mu ma bencinmu biyu suka rage.

Kin san al'ada: yaron da ya kawo itace shi ke zama kusa da murhu. Na soke ta tuni, amma yaran sun ƙi yarda. Jiya Keziah, 'yar shekara bakwai, ta shigo rungume da katako mai fenti.

"Malam, yau dai a gaba zan zauna." Ta juya ga wani yaro: "Asa, matsa can, kai da ka zo hannu wofi!"

Na ce, "'Yata, ina kika samo wannan?"

"Gadon jaririnmu ne. Mama ta ce ya daina buƙatarsa."

Yaya, Keziah ma tari take yi, irin wanda ya tafi da jaririn. Don girman Allah ki roƙi Jabez ya nemo izinin sojojin, ya zo da kwalekwale ya kwashe ƙananan zuwa gonarku. Iyayensu sun amince. Ba su da ci da yawa.

Na sa katakon a wuta, Yaya. Ba ni da wani.

Allah ya tsare ku.

Ƙaninki,
Elkanah