Ashiru Ya Ƙi Cin Yankan Baba

Sara, Gwaram.

Zuwa ga Yaya Haladu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya a Fatakwal, ya buɗa kasuwa, ya tsare ka. Mu nan mun gode Allah, sai ƙafar Baba da take matsa masa in ya daɗe a tsaye. An gama yankan gero, dawa ma ta kusa. Jikarka, jaririyar Munawwara, sai ƙiba take yi, kuma ta ɗauko hancinka sak, Allah ya ba ta haƙuri.

Kwana tara ke nan ina kiranka ba ka ɗauka, shi ya sa na ba Buba direba wannan takarda. Na san matarka A'i ta riga ni, ta faɗa maka na kai ɗanka Ashiru wajen 'yan sanda. Gaskiya ne, na je. Ka yi fushinka son ranka, amma don Allah ka karanta har ƙarshe.

Ran sunan jaririyar, Baba ne ya yanka ragon da hannunsa. Washegari da aka soya, na zuba wa Ashiru rabonsa, sai ya dawo da kwanon a rufe. Na tsokane shi ko azumi yake, sai ya ce mini, ko kunya babu, wanda ya yi shekara talatin yana yi wa gwamnati aiki yankansa mushe ne. Baba yana zaune a ƙofar ɗaki, ya ji komai. Sai ya miƙa hannu ya karɓi kwanon. Dama tun damina yaron nan ya daina bin liman, shi kaɗai yake sallarsa a bayan rumbu. Ya daina gaishe mu, kuma in wayarsa ta yi ƙara sai ya nufi gona kafin ya amsa.

Mako biyu bayan nan aka tara mu, ma'aikatan asibiti da malaman makaranta, a Birnin Kudu don bita. Wallahi da gyangyaɗi na fara. Sai wani ɗan sanda, Sufeto Hambali, ya tashi ya ce kada kowa ya kawo musu mutum don ya tsayar da gemu ko ya ɗage wando, wannan ba alamar komai ba ce. Ya ce abin dubawa shi ne matashin da ya yanke hulɗa da danginsa farat ɗaya, yake kafirta iyayensa, yake ɓoye masu kiransa, sannan ya fara rabar da kayansa. Yaya, ina zaune na ji kamar a gidanmu mutumin ya kwana.

Ban yi gaggawa ba. A'i na fara samu, ta ce ƙuruciya ce, ta sa aka yi masa rubutu, ya zubar a gabanta. Da na ji ya kyautar da keken ɗinkinsa, wanda da shi yake ci, sai na faɗa wa shugabar asibitinmu, ita ta raka ni wajen Sufeton. Bai zo da mota ba, bai sa kaki ba. A babur ya zo, tare da mai unguwa da wani malami daga Fagam, suka zauna a zauren Baba. Ba wanda ya kama Ashiru, ba wanda ya ɗaga masa murya. Malamin ya yi ta karanto masa hujjoji, shi kuwa kansa a ƙasa. Abu ɗaya ya faɗa, cewa duk cikinsu ba mai iko da shi sai ubansa.

Da za su tafi Sufeton ya ja ni gefe. Ya ce ba zai tsare yaron ba, don bai yi laifin komai ba tukuna. Ya ce suna bincike a kan mai kiran nasa, amma in Ashiru ya bar gari, waɗanda za su gamu da shi nan gaba ba da malami za su je ba. Ya ce a nemo ka ko ta halin ƙaƙa.

Yanzu A'i ba ta amsa gaisuwata, matan da suke zuwa awo suna nuna ni da baki. Wannan ko a jikina. Abin da ya hana ni sukuni shi ne na jiya. Da safe Ashiru ya zo asibiti, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni, ya ce in yafe masa duk abin da ya taɓa yi mini. Daga nan ya wuce Kangire ya nemi gafarar Inna Hapsatu, tumakinsa biyu kuma ya ba ƙanwarsa Ummi. A'i har guɗa ta yi, wai ɗanta ya shiryu. Ni kuwa kuka na yi, don na tuna ranar da ka bi mu ɗaki ɗaki kana neman gafara. Washegari ka hau mota ka bar gari.

Ina jin tsoro, Yaya, tsoron da ban taɓa ji ba. Ka bar albasar da kake sayarwa ta ruɓe, ka biyo Buba. In ka iso ka zage ni, ka ce ba ni ba kai, duk na yarda, in dai ka riski ɗanka a gida.

Munawwara da mijinta da Ummi suna gaishe ka, Inna Hapsatu tana sa maka albarka. Baba bai ba da saƙon gaisuwa ba. Cewa ya yi in faɗa maka kwanon naman yana nan ƙarƙashin gadonsa a rufe, ya hana kowa taɓawa, sai ka zo ka miƙa wa Ashiru da hannunka.

Wassalam. Ƙanwarka mai jiran isowarka,
Sa'adiyya.